Ƙaramin Jirgin Ruwa a Kan Tirela Idan Mahaukaciyar Guguwa Ta Tunkaro

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. An ba ni minti arba'in, an kuma ce in yi magana a kan abin da mai ƙaramin jirgin ruwa zai yi, irin jirgin da ake ɗorawa a kan tirela a ja da mota, idan aka ce ga mahaukaciyar guguwa nan tafe. Na rubuto abubuwa biyar a takarda. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya so.

Na farko shi ne lokaci. A Tekun Atlantika kakar guguwa tana farawa ran 1 ga Yuni, ta ƙare 30 ga Nuwamba, amma tsananinta daga tsakiyar Agusta ne zuwa Oktoba. Wani abin da ke ba ni mamaki kullum: yawancin manyan da ke zuwa su yi ɓarna a Karebiyan da Amurka, asalinsu hadari ne da ya taso daga Afirka ta Yamma, ya faɗa teku ta wajen tsibiran Kep Bad, ya yi ta shan ɗumin ruwa yana ƙiba har ya iso. To wannan labarin wata rana ne. Abin da ya shafe mu shi ne cibiyar lura da guguwa da ke Miyami tana fitar da sanarwa iri biyu. Ta farko ta zama cikin shiri ce, awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara. Ta biyu gargaɗi ne, awa 36. Mutane suna jin awa 48 sai su ga kamar lokaci ne mai yawa. Ka cire barci, ka cire layin gidan mai, ka cire rufe tagogin gida da katako, ka cire iyali, sai ka ga abin da ya rage wa jirgi bai fi awa uku ba. Shi ya sa ni nake cewa aikin jirgi a gama shi tun sanarwa ba ta fito ba, tun ana cewa "wataƙila".

Na biyu, wurin ajiya. In kana da gareji kuma jirgin zai shiga, magana ta ƙare, saka shi ciki. Wani zai ce to motata fa? Mota ta fi jirgi nauyi nesa ba kusa ba, ta fi shi iya zama a waje, kuma wataƙila ma a cikinta za ka gudu. In babu gareji, nemi tudu, kusa da bango mai ƙarfi, nesa da bishiya da turakun lantarki. Kada ka ce ai bishiyar nan ta shekara hamsin. Ƙasa in ta sha ruwa ta yi laushi, da saiwarta take tashi.

Sai ka tuɓe jirgin. Duk abin da iska za ta iya kamawa ya fita: rumfa, tamfol, kujerun soso, rigunan ceto, sandunan kamun kifi, rediyo, tankin mai na hannu, batir. Tamfol ɗin nan da kuke ganin kariya ce, a cikin guguwa ita ce ke tallafar iska ta jijjiga jirgi. Ku riƙe wannan lissafi: ƙarfin da iska ke turawa da shi ba ya tafiya kai ɗaya da gudunta. In gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Iskar kilomita 120 a awa, wadda ita ce guguwa mai mataki na ɗaya a ma'aunin ƙarfin guguwa mai matakai biyar, domin daga 119 ake fara ƙirga ta, ta ninka ta kilomita 60 sau huɗu a turi. Mataki na uku daga 178 yake farawa, na biyar daga 252. Ku yi lissafin da kanku, ni ba malamin lissafi ba ne. (dariya)

Wannan na nawa ke nan? Na uku? To, a bar shi na uku. Yanzu mun zo kan abin da ya kawo ni, wato matoshi.

Kowa ya san shi. Ɗan abin nan da ke can ƙasan bayan jirgi, bai kai babban yatsa ba, wanda ake toshe ramin fitar ruwa da shi. Ga nawa nan na zo da shi a aljihu, ku gani. Babu abin da masu jirgi ke musu a kai kamar wannan ɗan abin idan guguwa ta matso. Kashi ɗaya suna cewa a cire shi ruwan sama ya riƙa fita. Kashi na biyu suna cewa a'a, a bar shi, har ma a ƙara zuba ruwa da tiyo, jirgi ya yi nauyi iska ta kasa ɗaga shi. Kowanne yana da hujja, kuma na ga abokai biyu sun yi kwana uku ba sa gaisawa a kan wannan. (dariya) Wallahi kuwa.

Bari mu auna ruwan tukuna. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce. Jirgi mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2, buɗaɗɗen cikinsa zai kai kamar murabba'in mita 8. In aka yi ruwan milimita 250, wanda ba abin mamaki ba ne a guguwa, lita 2,000 ke nan. Tan biyu. Tan biyu fa, jama'a, a kan tirelar da aka ƙera don ɗaukar jirgin da ko tan ɗaya bai cika ba. Kuma ku tuna guguwar Harvey a 2017 ta zubar da sama da milimita 1,500 a wani yanki na jihar Texas. Wannan kam jirgi ya cika ya batse tun da wuri.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa nake zafi a kai. Wata shekara na ɗaure jirgina tamau, igiya ta ko'ina, ina ta yaba wa kaina, na manta matoshi a ciki. Guguwar ma ba ta same mu sosai ba, gefenta ne ya shafe mu, amma ta yi ruwa kwana biyu. Da na fito da safe sai na ga jirgin kamar ya durƙusa. Tayoyin sun buɗe ta ƙasa sun haɗe ta sama, kamar ƙafafun gwame. Sifirin ya miƙe sumul, aksil ya lanƙwashe, ƙarfen da ke rufe taya ya zauna a kan roba. Na leƙa ciki, ruwa har kujera, ga wani takalmin yaro yana yawo a kai. Iska ba ta taɓa min ko fenti ba. Ruwan sama ne ya ci ni, ta hanyar abin da bai kai babban yatsa ba.

To masu cewa a zuba ruwa, ba wauta suke yi ba, in yi musu adalci. Jirgin alminiyam mara nauyi, iska tana iya ɗaukarsa kamar faifai. Amma waɗanda suka san wannan dabara ba sa yin ta haka kawai. Ko dai su sauke jirgin daga tirela su kwantar da shi a ƙasa, sannan su zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku su ɗaure, ko kuma su cusa guntayen katako tsakanin firam ɗin tirela da aksil, ta cikin kowace taya, don nauyi ya bar kan sifirin. Matsalar ita ce kai ka zuba kashi ɗaya cikin uku, sama kuma ba ta san da yarjejeniyarku ba, za ta cika sauran. Sannan ruwa a cikin jirgi ba ya zama wuri ɗaya, iska ta kaɗa jirgi, ruwan ya ruga gefe guda da dukkan nauyinsa. Kuma jikin jirgi an gina shi ne ruwa ya tura shi daga waje, ba daga ciki ba. Saboda haka ra'ayina, kuma ra'ayina ne, wanda ya ga dama ya same ni a waje: cire matoshi. Nauyin da kake nema, neme shi a wajen igiya da turke.

Amma cirewa kaɗai ba ta isa ba. Ramin nan ƙarami ne, ganye uku sun isa su toshe shi, guguwa kuwa ganye take fara kawowa. Share cikin jirgin fes. Ɗaga goshin tirela da jak ɗinta kaɗan, yadda ruwa zai gangara baya inda ramin yake, in ba haka ba sai ya taru a gaba. Kaɗan na ce, kada ka ɗaga shi ya zama ka buɗe wa iska ciki. Kada kuma ka dogara da famfon da ke fitar da ruwa da kansa. Batir yake ci, batir kuma mun riga mun cire shi, ko da ka bar shi ma ba zai kai safe ba.

Abu na ƙarshe a kan matoshi, na yi alkawari. In ka cire, ɗaure shi a jikin sitiyarin jirgi. Domin bayan sati biyu hankali ya kwanta, ka kai jirgi bakin ruwa ka sauke, ka je ajiye mota, ka dawo ka tarar yana nutsewa a hankali. Alhaji na ga kana dariya, ya faru da kai ke nan. (dariya) Ya faru da mu duka.

Kai, lokaci. An ɗago min takarda. Na biyar ne ko na huɗu, ɗauri. Da sauri. Fara ɗaure jirgi da tirela su zama abu ɗaya, gaba, tsakiya da baya. Sannan ka ɗaure tirelar da ƙasa ta kusurwa huɗu, da turakun ƙarfe masu murɗi da ake juyawa su nutse, ko zoben da aka dasa a kankare. Kusurwa huɗu, domin iskar guguwa juyawa take yi, in idonta, wato tsakiyarta, ya wuce ta kanka sai ta dawo ta ɗaya ɓangaren, don haka zancen juya goshin jirgi ya fuskanci iska rabin dabara ne. Kada ka ɗaura a shingen katako, tare za su tafi. Inda igiya ke gogar ƙarfe, sa mata guntun tiyo. Rage iskar taya kaɗan, sa weji gaba da baya. Inji ya sauka ƙasa. Ɗauki hoton jirgin ta kowane gefe don kamfanin inshora, takardu su bi ka a leda. Ka kuma karanta takardar inshorarka tun yanzu, da yawa suna da sharaɗi na daban ga guguwar da hukuma ta raɗa wa suna.

Akwai hannu a can. Hajiya, bismilla.

(Tambaya: Malam, gidanmu a bakin mashigin ruwa yake, ƙasar kwari ce, ba mu da gareji. In teku ta tumbatso ta shigo, matoshin nan a cire ko a bari?)

Allah ya saka, Hajiya. Kin taɓo abin da ya kamata in fara da shi na tsaya surutun matoshi. Duk abin da na faɗa na iska ne da ruwan sama. Tumbatsar teku daban ce. Guguwa tana turo teku gabanta ta hau tudu, kuma a tarihi ita ta fi kashe mutane, ba iska ba. A 2012 guguwar Sandy ta kwashe dubban jirage a New Jersey da New York, da yawansu an riga an fito da su tudu an ajiye, ruwa ya zo ya ɗauke su daga kan matokaransu. A 2022 guguwar Ian ta tura ruwan da ya kai wajen mita 4 a yankin Fort Myers na Florida, aka wayi gari jirage a kan tituna, wasu a kan wasu.

To a irin wurinki, in kin bar matoshi, jirgi zai taso, ya ɗauki tirelar da kika ɗaure masa, ya tumɓuke turakun tunda ƙasa ta jiƙe, ya je ya shiga falon maƙwabci. In kin cire, ruwan gishiri zai shiga ta ramin, ya ci wayoyi da inji. Ba ki da zaɓi mai kyau a nan, sai dai jirgin ya bar wurin. Ki duba taswirar yankunan kwashe mutane ta ƙaramar hukumarku, ki san a wane yanki gidanki yake. Ki nemi ɗan'uwa ko abokin arziki mai fili a kan tudu, ku yi magana tun watan Mayu. Ki kai jirgin da wuri, domin in an ba da umarnin fita hanya tana cushewa, ana kuma rufe manyan gadoji in iska ta yi ƙarfi, ga jan tirela a cikin iskar gefe ba wasa ba ne.

Wannan ya dawo da ni kan tirelar kanta, wadda ba na cikin biyar ɗin ma. Yawancinmu kilomita uku muke jan ta zuwa bakin ruwa, mu tsoma ta a gishiri mu dawo. Ran da aka ce ta yi kilomita 100, boris ya yi zafi ya kama, ko tayar da rana ta tsattsage ta fashe, kina gefen titi ana ta wucewa. A sa wa boris giris, a duba taya har da safaya, a gwada fitilu. In kuma ya zamana lokaci ya ƙure, an ce ku fita jirgi bai motsa ba, Hajiya ki cire batir, ki ɗaure abin da ya samu, ki kulle gida ki kwashi yara.

An ce in miƙa makirufo. Mai son ganin yadda ake murɗa turken nan, akwai guda biyu a bayan motata, mu haɗu a waje.