Daga Samaru Zuwa Gonar Manomi: Labarin Waken SAMPEA 20-T

Dubi wannan kwanson waken da kyau. Daga nesa lafiya lau yake, kore shar. Matso kusa. Ka ga ɗan ramin nan, da ɗan ɓurɓushi a bakinsa kamar garin katako? Idan ka fasa kwanson, tsutsa za ka tarar a kwance, ta riga ta cinye ƙwayar.

Masana suna kiran wannan tsutsa Maruca. Tun wake yana fure take shiga, ta ci furen, ta huda kwanso. A shekarar da ta yi yawa, takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomi ba shi da abin yi sai feshi. Sau shida, sau bakwai, har sau takwas kafin girbi, yana saɓe da tankin feshi a baya, sau da yawa ba safar hannu, ba takunkumi, maganin yana jiƙa masa riga. Ga kuɗin magani, ga lafiyar jiki.

Kuma fa ba ƙaramin amfani ake magana a kai ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar tana biye da ita. Ƙosai, alala, ɗanwake, shinkafa da wake, har harawar da ake ba dabbobi da rani, duk daga tsiro ɗaya suke fitowa.

To a nan kimiyya ta shigo. Masu bincike sun tace dubban nau'o'in wake suna neman wanda tsutsar ba ta iya ci, ba su samu wanda ya isa a dogara da shi ba. Sai aka juya ga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ake kira Bt. Tana samar da wani sinadari mai kashe irin wannan tsutsa. Masana a Ostireliya suka sanya ƙwayar halittarta a cikin wake domin waken ya riƙa samar da sinadarin da kansa, sannan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta karɓi aikin ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, wato AATF. A 2009 aka fara gwaji a killatacciyar gona.

Daga nan sai haƙuri. Shekara goma cif ana shukawa, ana aunawa, ana barbara shi da irin da manomanmu suka saba da shi.

Amma ko da binciken ya kammala, ba za a miƙa wa manomi irin ba sai da doka. A 2015 aka kafa hukumar NBMA, wadda aikinta shi ne tantance ko irin da aka sauya wa ƙwayar halitta zai cutar da mutum, dabba ko muhalli. A Janairun 2019 ta amince da wannan wake, a Disamban shekarar aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, a 2021 kuma aka ƙaddamar da shi a Kano. Wanda ya shuka shi, feshi biyu ya ishe shi. Me ya sa ba a daina feshin gaba ɗaya ba? Saboda daga Maruca kaɗai wannan irin yake kare kansa. Sauran ƙwari masu tsotse kwanso da fure suna nan.

Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa halitta, wasu a kan lafiya, wasu a kan tsoron kada manomi ya zama bawan kamfanonin iri. Tambayoyi ne da ya kamata hukuma ta riƙa amsawa a fili, da Hausa, a rediyo da dandalin ƙauye. Game da wannan waken dai, manomi yana iya ajiye iri daga girbinsa ya sake shukawa baɗi.

Gwamnatin tarayya tana da manufar fasaha da ƙirƙira a harkar noma, wato NATIP, ta 2022 zuwa 2027. A takarda ta yi kyau. Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin Samaru da gonar manomi. Dole kamfanonin iri su ninka irin waken nan da yawa, ya isa kasuwar ƙauye kafin lokacin shuka, a farashin da talaka zai iya. Dole a hana 'yan damfara zuba waken kasuwa a leda su kira shi ingantacce. Sannan malamin gona, wanda zai tsuguna da manomi ya nuna masa ranar feshin farko da na biyu, a wurare da yawa mutum ɗaya ne ga dubban manoma, wani ma ko babur ba shi da shi.

Idan za ka sayi irin bana, duba ledar: ka nemi sunan SAMPEA 20-T da tambarin hukumar tantance iri ta ƙasa, wato NASC, kafin ka biya kuɗi.