Dabino, Lugaimat da Sambusar Zare: Yadda Ake Saƙa Su da Kwarashi

Zulai: Assalamu alaikum masu sauraronmu, barkanku da wannan lokaci. Daga Jidda muke, ina tare da Hajiya Rabi da Yaya Saude. A gabanmu akwai faranti cike da dabino da lugaimat, wato soyayyun ƙwallayen fulawa masu zaƙi, da sambusa, amma ko ɗaya ba ya tauno, duk zare ne.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Zulai. Irin wannan saƙa daga Japan sunanta ya fito, amigurumi, wato 'yar tsanar da aka saƙa aka cusa mata abu a ciki. Larabawa da sunan suke kiranta, mu kuwa saƙar kwarashi ce dai da muka sani, sai dai ba hula ko shawul ake yi ba.

Saude: Hajiya, kafin mu shiga lissafi mu daidaita sunaye, don yawancin masu koyo a nan bidiyon Larabci suke kallo. Kowane ɗauri ɗaya shi ne gurza. Sarƙa ita ce silsila. Gajeriyar gurzar nan da kusan duk aikin yake kanta ita ce hashu. Wadda ake zarcewa da ita ba tare da ta yi tsayi ba kuma munzaliƙa. In kuma takardar Turanci ce, a kula: hashu ɗin nan Amurkawa sc suke rubuta ta, mutanen Ingila kuwa dc suke rubutawa, alhali dc a wajen Amurkawa doguwar gurza ce. Wadda ta rikita su za ta ga lugaimarta ta fito raga-raga.

Zulai: To Anti, zare fa? In aka shiga shagunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ido rikicewa yake yi.

Hajiya Rabi: Ki nemi mai auduga a ciki. YarnArt Jeans kashi 55 auduga ne, ƙullin giram 50 mita 160. Alize Cotton Gold shi ma kashi 55 auduga, 45 akirilik, giram 100 mita 330. Duk biyun na Turkiyya ne. Audugar ce ke sa gurza ta fito tsaf ki iya ƙirga ta, akirilik ɗin kuma ya sa hannu ba ya gajiya da tauri. Zaren ulu na akirilik zalla yana yi, amma yaro na 'yan kwanaki da shi sai ya tashi da gashi-gashi, kuma a damshin Jidda yana kama tafin hannu.

Saude: Wancan mai laushin kamar karan-miski kuma a ajiye shi sai hannu ya faɗa. Ba a ganin gurza a cikinsa, in aka warware sai ya zube.

Hajiya Rabi: Sai kwarashi, kuma nan ne gindin maganar. Lambar da ke jikin takardar zare ta masu saƙa riga ce, wadda ake so ta yi laushi. Mu so muke saƙar ta matse kamar tabarma. In takarda ta ce milimita 3.5, ki sauko 2.5. Ki saƙa zagaye biyar, ki ɗaga wa fitila. In haske na ratsowa, abin cusawa ma zai leƙo.

Zulai: In kuma ta matse har kwarashin ba ya shiga?

Hajiya Rabi: To kin wuce gona da iri, ki hau 2.75 ko 3. Yatsa bai kamata ya yi kanta saboda dabino ɗaya ba.

Saude: Mu fara da lugaima, don ƙwallo ce, wadda ta iya ƙwallo ta iya rabin abincin duniya. Ƙosai ma ita ce, launi kawai za ki sauya. Ana farawa da zoben nan da Larabawa ke ce wa halƙa sihiriyya: ki naɗa zare a yatsa, ki bar jela kamar santimita 10, ki saƙa hashu 6 a cikin zoben, ki ja jelar ramin ya rufe ruf. Zagaye na biyu, biyu-biyu a kowace gurza, 12. Na uku, ɗaya sannan ƙari, wato biyu a gurza ɗaya, sau shida, 18. Na huɗu, biyu sannan ƙari, 24. Daga na biyar zuwa na takwas ba ƙari ba ragi, 24 ɗin nan dai. Sai saukowa: 18, 12, ki cusa, 6, ki rufe.

Zulai: Yaya, me ya sa kullum shida? Ba a yin biyar ko takwas?

Saude: Saboda tsayin hashu da faɗinta kusan ɗaya ne, to ƙarin shida a kowane zagaye shi ke sa da'ira ta kwanta shimfiɗe. In kin ƙara ƙasa da haka sai ta tashi kamar mazurari, in kin fi haka bakinta ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen latas. Kuma duk biyun suna da amfani in da gangan aka yi su.

Hajiya Rabi: Kuma ba a rufe zagaye da munzaliƙa, tafiya ake yi kamar dodon koɗi. Don haka dole alama a gurzar farko. Ba sai kin sayi ta roba ba, guntun zare mai wani launi ya isa, ki riƙa ɗaga shi kowane zagaye. Ki ƙirga kafin ki wuce. Gurza ɗaya ta ɓace a zagaye na huɗu, ba za ki gane ba sai a na tara, lokacin da ragi ya ƙi cika.

Zulai: Ragin nan shi ne ke barin rami a wajen mutane da yawa.

Hajiya Rabi: Don suna yin sa irin na hula. Dubi kan gurza, Zulai, kin ga zare biyu kwance kamar kunnuwa, ɗaya wajenki ɗaya baya. Ki sa kwarashi a kunnen gaba na gurzar farko kaɗai, kada ki ɗauko zare tukuna, ki karkata shi ki shiga kunnen gaba na ta biyu. Yanzu madauki uku ke kan kwarashi. Ɗauko zare ki fitar ta biyun farko, sake ɗaukowa ki fitar ta sauran biyun. Kunnuwan baya sun zauna a ciki sun toshe ramin, a waje kuma kamar hashu ɗaya ce.

Saude: Rufewar ƙarshe ma haka. In saura 6, ki yanke zare, ki sa a allura mai dakusasshen baki, ki bi kunnen gaba na kowacce daga ciki zuwa waje, ki ja. Sai ki soka allurar ta tsakiya ta fito wani gefe, ki ja kaɗan, ki yanke, jelar ta koma ciki ta ɓuya.

Zulai: Akwai wanda ake yawan turo mana hotonsa: ƙwallo ta fito da layi-layi a kwance, ba ta yi kama da ta bidiyo ba.

Saude: A bai-bai take. Wajen zagaye na huɗu saƙar takan lanƙwaso ta fuskar da ba ita ba. Fuskar kirki ita ce mai kama da jerin ƙananan V, bayan kuma shi ne mai 'yan sanduna a kwance. Jelar farko ta kasance a cikin ƙoƙon, kwarashi kuma yana shiga daga waje zuwa ciki a gefen da ke kusa da ke. In ba haka kika gani ba, tura da babban yatsa ki juya.

Hajiya Rabi: Mu zo kan dabino, wanda ni a ganina ya fi kowanne wuyar kamanni, duk da ƙanƙantarsa. Lissafin ba wani abu: 6, 12, sai uku da ƙari sau uku, 15. Zagaye takwas a kan 15. Sai uku da ragi sau uku, 12, sai 6. In kika tsaya nan, abin da ke hannunki ƙwai ne mai launin ƙasa. Dabino da tamoji ake gane shi.

Zulai: To ina tamojin zai fito?

Hajiya Rabi: Wajen cusawa da allura. Kada ki cika shi, kamar kashi biyu cikin uku ya isa. In kin rufe, ɗauki zare iri ɗaya, ki shiga ta kai, ki bi jikinsa a tsaye da ɗinki ƙanana, ki fita ta gindi, ki ja har fatar ta lotsa. Sau uku ko huɗu, kuma kada layukan su yi daidai da juna, wani gajere, wani ya ɗan karkace. Sai ɗan hular kan nan: hashu 5 a zobe da zare ruwan ƙasa mai haske, ki ɗinka.

Saude: Mai koyo ta fara da launin dabinon sukkari na yankin Ƙasim, ruwan zuma, ana ganin gurza. Ajwa ta Madina kusan baƙa ce, ga ta gajera mai ƙiba, don haka zagaye biyar ko shida ya ishe ta maimakon takwas. Amma baƙin zare da dare azaba ne ga ido, sai da farin ƙyalle a cinya.

Hajiya Rabi: Ga kuma matsalar farin faiba, wato abin cusawa, a cikin baƙar saƙa, ko ta matse sai ya ɗan haska. Ki yanko ƙafar tsohuwar safa baƙa mai shara-shara, ki sa faiban a ciki, sannan ki tura. Ko ki tara guntayen zaren nan mai duhu ki cusa su.

Zulai: Anti, audugar kemis ba ta yi?

Hajiya Rabi: Wanki ɗaya ta dunƙule, kuma ba ta bushewa da wuri. Shinkafa da wake kuwa kada ma a fara, ƙwari da funfuna. Faiban filo shi ne, a yage shi ƙanana-ƙanana, a tura da gindin fensir, a fara cika gefe kafin tsakiya.

Saude: Sambusa hanya biyu ce. Akwai mai saƙa kusurwa uku guda biyu a shimfiɗe ta haɗa bakinsu. Ni na fi son ta zagaye, don ba ɗinki a gefe biyu. Hashu 4 a zobe, sai ki riƙa ƙara biyu kacal a kowane zagaye, ɗaya a farko ɗaya a tsakiya: 6, 8, 10, har 28 a zagaye na 13. Zai fito kamar mazurari. Ki danne shi ya kwanta yadda layin ƙarin nan biyu za su zama gefuna, ki sa faiba kaɗan, ki haɗa bakin da hashu 14, kina ratsa gaba da baya tare.

Zulai: Me ya sa kaɗan?

Saude: In kin cika ta sai ta kumbura ta koma karas. Sambusa cikinta ne ke da tudu, kusurwoyi a fayau suke. Sannan ki ɗauki zare da ya ɗan fi duhu ki ja layi ɗaya a karkace daga kusurwa zuwa tsakiyar gefe, inda ake naɗe ƙullin, ki ɗan taɓa kusurwoyin da shi kamar inda mai ya fi ci.

Hajiya Rabi: Saude, faɗa musu karkacewar nan.

Saude: E, hashu a zagaye tana jingina gefe ɗaya, to layin ƙari yana ɗan zamewa. In kin danne kika ga alamarki ba ta kan kusurwa, ƙara hashu ɗaya ko biyu har ki kai, sannan ki haɗa. Akwai kuma dabarar ɗauko zare ta ƙarƙashin kwarashi maimakon ta sama. Gurzar sai ta fito kamar X, ta fi matsewa, jinginar ma ta ragu. Amma in kin fara da ita ki ƙare da ita.

Zulai: Yankin kankana kuma da'ira ce aka ninke, ko?

Saude: Shi ke nan. Ja har 36, fari 42, kore 48, ki ninke ki haɗa da 24. Sauyin launi a jan ƙarshe na gurzar da ta gabata ake yin sa, ba a sabuwar ba. 'Ya'yan ki ɗinka su da baƙi kafin ninkewa. Ki kuma riƙa gusar da wurin ƙari, in ba haka ba da'irar ta fito da kusurwa shida.

Zulai: Saura ido da baki. Wasu iyayen ba sa son fuska a jikin kayan wasa.

Hajiya Rabi: Ai daɗin abinci ke nan, ba ya buƙatar fuska. Riɗi da farin zare a kan lugaima ya fi ido biyu fito da ita. Mai son idon roba ta sa shi kafin ragi, na milimita 6 ya ishi ƙananan nan, ta danna makullinsa ta ciki. Amma yaro ƙasa da shekara 3 ba a ba shi mai idon roba, ɗinkawa ake yi. Kuma girman abin kansa abin dubawa ne: duk abin da ya shige ta kwalin tsakiyar tishu ya yi wa jariri ƙanƙanta. Dabinonmu zai shige.

Zulai: To mai jariri ta haƙura da dabino?

Hajiya Rabi: A'a, ta saƙa faranti, da'ira har 60 da zagaye biyu ba ƙari don baki ya tashi, ta ɗinke dabino bakwai a kai da zare ninki biyu. Ta ja kowanne da ƙarfi ta gani kafin ta miƙa.

Saude: Wanki kuma da hannu, ruwa mai sanyi, a matse cikin tawul ba murɗawa, a shanya a inuwa. Ranar nan tamu jan kankana take fara ci.

Zulai: Mako mai zuwa insha Allahu finjalin gahawa ne, da yadda ake sa gindinsa ya zauna daram. A tanadi farin zare da ruwan gwal. Hajiya, Yaya, mun gode. Sai mun sake haɗuwa.