Darasi: Yadda za ka gane ko nauyinka ya wuce kima

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ɗan lissafi za mu yi, amma kada kowa ya tsorata, kalkuletar da ke cikin wayarka ma ta isa. Abin da muke so mu gano shi ne ko nauyin jikinka ya dace da tsayinka, ko kuwa ya wuce kima. Ma'aunin da likitoci ke fara dubawa shi ne wanda ake kira BMI (Body Mass Index a Turance), wato lambar da ke kwatanta nauyi da tsayi.

Abu biyu kawai kake buƙata: nauyinka a kilo, da tsayinka a mita. Ka hau sikeli da safe kafin ka ci komai, ba takalmi, ba kaya masu nauyi, kuma a ajiye sikelin a kan daɓe mai tauri, domin a kan kafet yakan yi ƙarya. Tsayi kuwa, jingina da bango, diddige a manne, kai a miƙe, wani ya ɗora littafi a kanka ya yi alama, sannan a auna da tef.

To, ga lissafin. Ka ninka tsayinka da kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ka samu. Mu ɗauka mutum yana da kilo 78, tsayinsa mita 1.70. Ka danna 1.70 sau 1.70, zai ba ka 2.89. Yanzu 78 a raba da 2.89. Me ka gani? Kusan 27. Wannan shi ne BMI ɗinsa.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, ku saurara da kyau. Tsayi sau tsayi na ce, ba tsayi sau biyu ba. In ka yi 1.70 sau 2 za ka samu 3.4, amsar ta fito kusan 23, ka tafi kana murna alhali ba haka abin yake ba. Kuma kada ka rubuta 170, wannan santimita ce, ka mayar da ita mita tukuna.

Me lambar ke nufi? Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ya yi daidai. Daga 25 zuwa 29.9 ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa an shiga ƙiba mai haɗari, wadda ke buɗe ƙofa ga hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da ciwon gwiwa. Mutumin namu mai 27 ya ɗan haura. In yana son sanin inda iyakarsa take, sai ya ninka 2.89 da 25, ya samu kilo 72 da ɗoriya. Kenan kusan kilo 6 ne tsakaninsa da layin, ba wani abin tashin hankali ba.

Amma fa ni ba na son a ɗauki lambar nan kamar hukuncin alƙali. Wanda ya ƙirƙiro lissafin, Adolphe Quetelet, masanin lissafi ne ɗan ƙasar Beljiyam, ba likita ba, kuma a shekarun 1830 ya yi shi don nazarin jama'a a dunƙule, ba don duba mutum ɗaya ba. Sai a 1972 wani masani a Amurka, Ancel Keys, ya laƙaba masa sunan da muka sani yau. Sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Mai ɗaga ƙarfe zai iya samun 28 alhali ba teɓa a jikinsa. Dattijon da tsokarsa ta zube kuma zai iya samun 23, ga kitse jibge a cikinsa. Mai juna biyu ba da ita ake wannan lissafi ba, yara ma jadawalinsu daban ne, ana duba shekaru da jinsi. A Birtaniya ma hukumomin lafiya sun rage iyakar ga mutanen da asalinsu daga Asiya ne ko baƙar fatar Afirka: daga 23 an haura, daga 27.5 ƙiba ce, domin ciwon suga yakan kama su tun nauyi bai kai na Turawa ba.

Shi ya sa nake cewa a haɗa da awon ciki, don kitsen da ya taru a tumbi, wanda ke kewaye hanta da hanji, shi ya fi ɓarna. Nemo zare, ka auna tsayinka da shi daga kai zuwa ƙafa, ka yanke, ka ninka shi biyu. Ka zagaya shi a cikinka, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya. Saki numfashi, kada ka shanye ciki, ba wanda kake yaudara. In bakin zaren biyu sun haɗu, madalla, cikinka bai wuce rabin tsayinka ba. In sun ƙi haɗuwa, to ko da BMI ɗinka ya nuna daidai, ka je asibiti a auna maka jini da suga.

Nan za mu dakata a yau. A darasi na gaba za mu duba yadda ake rage nauyi sannu a hankali ba tare da an galabaita jiki ba. A huta lafiya.