Barewa Mai Kunnen Alfadari da Burtalinta

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau Auwal ya kwaso mana wata dabba tun daga yammacin Amurka, ga kuma Malam Garba, wanda ya tashi a gidan mafarauta. Malam, sannu da zuwa.

Malam Garba: Yauwa, 'yata. Ni da aka ce mini barewa mai kunnen alfadari, na ce sai na zo na ji da kunnena.

Auwal: Sunanta ke nan a can, Malam, don kunnuwan faka-faka ne. Sai dai ba barewarmu ba ce sak. Ƙahon namijin rassa yake yi kamar bishiya, kuma duk shekara yakan zubar da shi tsakanin Janairu da Maris, sabo ya tsiro. In ta firgita kuwa, da ƙafa huɗu take tsalle a tare, kamar an buga ƙwallo a ƙasa.

Zainab: Kai ka ce mana cin rani take zuwa.

Auwal: Har ta fi wasu mutanen nisa. A jihar Wayomin akwai garken da ke yin lokacin sanyi a wani fako da ake kira Red Desert, inda dusar ƙanƙara ba ta binne abinci. In ƙanƙara ta fara narkewa sai su nausa arewa, zuwa duwatsun Hoback. Tafiyar kusan kilomita 240 ce, zuwa kawai. Wani mai bincike, Hall Sawyer, ya ɗaura wa wasu na'urar GPS a wuya a 2011, yana zaton 'yan gida ne da ba su zuwa ko'ina. Sai ga na'ura tana magana daga wata uwa duniya. A 2016 ma wata mace mai lamba 255 ta zarce har cikin jihar Idaho, kusan kilomita 390.

Malam Garba: Tsaya, Auwalu. Gudu suke yi ko kiwo?

Auwal: Kiwo. Sabon tsiro suke bi. Ciyawa takan fara tohowa a ƙasa, ta riƙa hawa dutse sannu a hankali, su kuma suna biye da ita. Akwai masaukai a hanya inda suke yada zango kwana da kwanaki. Bincike ya nuna kusan kashi 95 cikin ɗari na lokacin tafiyar a waɗannan zangunan yake ƙarewa.

Malam Garba: Ashe Fulani ne! Wannan ai burtali kake ba ni labari, da mashekari. Kuma na san hanya ɗaya suke bi kowace shekara.

Auwal: Ita ce dai. Ɗa yakan bi uwarsa shekarar farko, shi ke nan ya haddace.

Zainab: Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Auwal: Har akwai wani matsatsi a bakin tafkin Fremont kusa da garin Pinedale, inda dubbansu ke kutsawa ta wuri guda. A 2012 kuma an gina wa dabbobi gadoji a saman babbar hanya ta 191, a Trappers Point, don motoci sun yi ta banke su.

Zainab: To, mu zo ga mafarauci. Tunda an san hanyar, me zai sa ya wahalar da kansa da zuwa duba daji tun kafin lokaci?

Malam Garba: Bari in amsa miki wannan, ko ban taɓa taka Amurka ba. Makiyayi ba ya kora garke sai garso ya riga shi ya gano ruwa da ciyawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan yi kwana uku yana zaga fadama ba bindiga a hannu. Sawu yake karantawa, ya murje kashin dabba ya ga ɗanye ne ko busasshe, ya duba inda ta kwanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Auwal: A can kuma abin ya fi tsada, don a wurare da yawa sai an yi ƙuri'a kafin ka samu lasisi, wani ya shekara da shekaru yana jira, a ba shi 'yan kwanaki. Amma ga inda mutane ke ruftawa. A Agusta mazan suna can ƙololuwar dutse, ƙungiya-ƙungiya, jikinsu jaja-jaja, ƙahon da laushi, saboda haka ba su son kurmi. Kana zaune da madubin hangen nesa da asuba sai ka ƙirga su. Ka koma gida kana murna.

Zainab: Ka dawo farauta a Oktoba ka tarar da wayam.

Auwal: Wayam. Fatar da ta lulluɓe ƙahon ta saɓule tun Satumba, gashi ya koma toka-toka, sun shige cikin itatuwa, sai dare suke fitowa. Ƙanƙara ta sauka da wuri kuma, sun kama hanyar gangare. Sai Nuwamba, lokacin barbara, namiji ke sake bayyana da rana yana bin mata.

Malam Garba: Kenan wanda ya je kallon dabba ya yi asarar man mota. Wanda ya je koyon ƙasa shi ne ya yi aiki: ina mashaya, ina makwanci, ta wace ƙofar dutse za su sauka, ina kuma za su ɓuya in sun ji harbin farko.

Auwal: Da iska, Malam.

Malam Garba: A'a, wannan kar ka koya mini! Toka muke ɗiba mu saki, mu ga inda ta nufa.

Auwal: Su ma hoda suke fesawa daga 'yar kwalba. Sai dai iskar dutse tana da nata hali: da asuba mai sanyi takan gangaro kwari, rana na ɗagawa ta juya sama. Wanda bai zauna a wurin ya gani ba, da hantsi warinsa zai riga shi isa.

Zainab: Ni fa ina da ja a nan. Yanzu akwai taswirar waya irin onX, akwai kyamarar da ake ɗaurawa a bishiya. Wannan farauta ce ko kwanton ɓauna?

Auwal: Su ma sun yi wannan gardamar. Jihar Arizona ta haramta amfani da irin kyamarorin don farauta daga 2022. Kuma duba dajin yakan sa mutum ya janye hannu. Bayan mummunan sanyin 2022 zuwa 2023, garken duwatsun Wyoming Range da ke jihar Wayomin ya yi asara mai yawa, 'ya'yan shekarar kusan duk sun mutu, hukuma ta rage kwanakin farauta.

Malam Garba: Mu ma ba mu harbin mai ciki. Amma Auwalu, duk bayanin nan ba ka gaya mini abu ɗaya ba. Naman yana kilishi?

Auwal: Suna busar da shi, Malam, amma ba ƙuli-ƙuli.

Malam Garba: To, wannan ai ba su gama farautar ba.

Zainab: Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.