Sharhi: Nawa sauro ya ci a tsibirin Reunion?

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau tsibirin Reunion za mu leƙa, can cikin tekun Indiya gabas da Madagaska, wanda yanki ne na ƙasar Faransa, shi ya sa mutanen wurin suna cikin tsarin inshorar lafiya na gwamnati kamar kowane Bafaranshe. A 2005 cutar chikungunya, wata zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi da sauro ke yaɗawa, ta shiga tsibirin, da farko kaɗan-kaɗan, sai da zafi da damina suka haɗu a farkon 2006 abin ya ɓarke, har a watan Fabrairu ana samun sama da mutum dubu 40 a sati ɗaya. Kafin ta lafa kusan mutum dubu 266 sun kamu, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk jama'ar tsibirin. Sauron da ya yi aikin nan ba irin na maleriya bane, wani ne mai ɗigon fari da baƙi, da rana yake cizo, kuma a tsohuwar taya ko gwangwani ko tukunyar fulawa yake ƙwai.

To bayan an samu sauƙi sai masu bincike suka ce bari a ga nawa abin ya ci, suka fitar da sakamakon a 2011. Yadda suka yi lissafin ne ya fi jan hankalina, don ba bin gida-gida suka yi ba, bayanan hukumar inshora suka buɗe, suka duba a shekarun baya mutum nawa ke zuwa ganin likita a wata kaza, maganin ciwo nawa ake biya, sai suka ɗora watannin annoba a kai, duk abin da ya haura na kullum suka ce wannan na chikungunya ne. Ganin likita ya ci wajen yuro miliyan 12, kwanciya asibiti miliyan 8.5, magunguna miliyan 5, sannan ma'aikatan da suka kwanta suka kasa fita aiki an yi asarar kwanakin aiki sama da dubu 112, wanda aka ƙiyasta miliyan 17 da ɗoriya. Gaba ɗaya kusan yuro miliyan 44.

Kuɗi ne mai yawa, amma ni a ganina wannan ƙasan lissafi ne kawai. Abin da bai bi ta takardar inshora ba bai shiga ba fa. Matar da ta bar sana'arta tana jinyar tsohuwa a gida bata ciki, otal-otal da suka zama wayam don masu yawon buɗe ido sun gudu a 2006 basa ciki, ga kuma abin da ya fi ciwo, cutar nan tana barin ciwon gaɓoɓi wata da watanni wani har shekaru, mutum ya tashi da safe yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa ko murfin kwalba ya kasa buɗewa, kuma haka zai ta komawa asibiti bayan an rufe lissafin annoba tuntuni.

Duk da haka su dai suna da lambar da za su ajiye gaban gwamnati su ce ga abin da muka biya, ku kwatanta da kuɗin feshi da kwashe shara da yashe kwata. A 2020 wannan cutar ta kama dubban mutane a Abeche ta ƙasar Chadi, inda yawancin jama'a daga aljihunsu suke biyan magani, mai shayi ya rufe tebur sati biyu, manomi ya sayar da akuya, ba hukumar da ta biya musu wannan asara balle ta rubuta. Haka ma a Najeriya, dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma har yau mafi yawan mutane basu shiga ba, kemis ɗin unguwa suke zuwa da kuɗinsu a hannu.