Ranar da O'Connell ya fasa taron Clontarf

Zainab: Masu sauraro barkanmu da war haka. Yau ƙasar Ailan muka nufa, shekarar 1843. Malam Aminu, wai me Daniel O'Connell, jagoran Katolikan Ailan, ke nema ne?

Aminu: Majalisa, Malama. A 1801 aka rufe majalisar dokokin Dublin, aka ba Ailan kujeru 100 a ta Landan. A 1840 shi kuma ya kafa ƙungiyar Repeal don a soke dokar da ta haɗe Ailan da Birtaniya. Bai ce a fita daga ƙarƙashin sarauniya ba, a dai bar su su riƙa yin dokokinsu a gida.

Zainab: Ni karo-karonsu ne ke burge ni. Talaka sule ɗaya a shekara, kobo-kobo yake biya, cikakken mamba kuwa fam ɗaya. Kowace gunduma da mai karɓa, limaman Katolika na dafa musu.

Aminu: Da kuɗin ake haɗa gangami. Na tudun Tara, 15 ga Agusta, dubban ɗaruruwa suka hallara, aka watse lafiya lau. Dabarar ke nan: a nuna wa Landan yawan jama'a ba tare da an ɗaga ko sanda ba.

Zainab: Ai ta ci a 1829, da Katolika suka samu damar zama a majalisa. Me ya hana ta ci yanzu?

Aminu: Wancan karon yana da magoya baya cikin Turawan Ingila. Wannan kuwa manyan jam'iyyun biyu bakinsu ɗaya. Tun 1834 an gwada ƙuri'a, 523 suka ƙi, 38 kacal suka yarda. To da O'Connell ya sa gangamin Clontarf, kusa da Dublin, ranar 8 ga Oktoba, ana gobe taro gwamnatin Firaminista Robert Peel ta haramta shi, ta jibge sojoji.

Zainab: Ga mutane sun riga sun kamo hanya!

Aminu: Dole ya tura mahaya su tare hanyoyi, kowa ya koma gida. Ya ce ba zai kai mutane mahallaka ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. Amma Peel ya gane kurari ne kawai. Aka ɗaure O'Connell wata uku a 1844, kafin majalisar dattawan Landan ta soke hukuncin.

Zainab: Samarin ƙungiyarsa da ke buga jaridar The Nation fa?

Aminu: A 1846 O'Connell ya nemi kowa ya yi tir da ɗaukar makami, suka ƙi, suka fice. Lokacin dankali, abincin talakawa, ya riga ya ruɓe a gonaki, wa ke da sulen bayarwa? Shi kansa a Genoa ta Italiya ya rasu, 1847, a hanyarsa ta zuwa Rum.