Sharhi: Wa za a tambaya kafin a sake zana unguwa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Tun da mutane suka fara komawa Khartum, babban birnin Sudan, bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, maganar sake gina birni ta cika bakin masana. Injiniya ya yi jawabi, malamin jami'a mai nazarin zaman jama'a da muhalli ya ɗora nasa, a haska taswira a bango, a tafa, a watse. Ba raina ilimi nake yi ba. Sai dai a jerin masu jawabin ban cika ganin wanda ya taɓa kwana yana kwarfe ruwa daga ɗakinsa da kwano ba.

Manyanmu ba su manta watan Agustan 1988 ba. A dare guda ruwan sama ya haura milimita 200, gidajen jalus, wato ginin ƙasa, suka narke kamar gishiri, mutum fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Ƙasar Khartum shimfiɗe take, ga laka, ruwa ba ya nutsewa da wuri. Hanyarsa ta dā yake nema, ko da an raba filaye a kanta. Wannan hanya kuwa tsohon unguwa ya san ta lungu-lungu.

Dubi Tuti, tsibirin da ke mahaɗar kogunan Nilu biyu. Tun ambaliyar 1946 ake labarin tsarinsu na tare ambaliya da suke kira taya. Su kasa bakin kogi kashi-kashi, kowane kashi da rumfarsa da masu gadinsa dare da rana. Ruwa na taɓa inda ba a so, sai a buga ganga, a yi shela a masallaci, matasa su fito da buhunan ƙasa, mata na aiko da shayi da abinci. Da shi suka tari ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya haura mita 17 da rabi. Yanzu yaƙi ya tarwatsa mutanen Tuti. Ko an zuba kankare a gaɓar nan, wa zai kwana a rumfar?

Irin wannan aikin haɗin kai, Larabawan nan nafir suke ce masa, mu kuma gayya. Da ita kakanninmu suka tayar da garin Mai Wurno na nan Sudan a bakin kogi bayan hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Gayya kuwa sai da maƙwabtaka. Idan aka raba filaye da ƙuri'a, wannan ya faɗa gabas, ɗan'uwansa ya faɗa yamma, an ba kowa gida amma an kashe unguwa.

Ga kuma inuwa. Titi mai faɗi yana da kyau a takarda, amma a zafin watan Mayu ba mai tsayawa a kansa. Mai shayin da ke gindin darbejiya, da 'yan kujerunta da kaskon gawayinta, a wurinta ake jin wanda ya dawo, da wanda ba shi da lafiya, da inda ake neman lebura. A sare bishiyar don faɗaɗa titi, duk wannan ya tafi.

Roƙona ga masu shirya tarukan nan: na gaba a yi shi da damina, a harabar masallacin unguwa bayan la'asar. Kafin kowa ya karɓi lasifika, masanan su naɗe ƙafar wando, dattijai su shige gaba, a bi sawun ruwan daren jiya har inda ya kwanta.

A huta lafiya.